Takardun Aikin Soja a Matsayin Madogarar Nazari: Daga 'Yan Sandan Sojan Jamus zuwa Adakokin Sabon Garin Zariya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi al'adar tara takardun 'yan sandan sojan Jamus, ta kwatanta ta da halin da takardun tsofaffin sojojinmu ke ciki a Zariya. Manufarta ita ce nuna cewa darajar irin wannan takarda a wurin manazarci ta rataya ne ga sanin gidan da ta fito.

1.0 Gabatarwa

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, sojan Jamus yana da littattafai biyu. Soldbuch shi ne na aljihu, mai ɗauke da muƙami, runduna, albashi, allurar rigakafi da lambobin yabo. Wehrpass kuwa yakan zauna a ofishin runduna muddin mai shi yana bakin aiki. 'Yan sandan soja, wato Feldgendarmerie, su ne masu duba takardun sojoji a hanyoyi da tashoshi, suna farautar waɗanda suka gudu daga fagen daga, kuma a ƙasashen da Jamus ta mamaye an yi amfani da su wajen danne farar hula. A yau takardunsu haja ce a kasuwar masu tara kayan yaƙi, inda tsada ta haifar da jabu da ƙarin hatimi na ƙarya.

2.0 Alaƙar Batun da Ƙasar Hausa

Jamus ba baƙuwa ba ce a tarihin sojanmu. Hausawa sun yi aiki a rundunonin 'yan sanda da na soja da ta kafa a Togo da Kamaru. Garwa ta faɗa hannun sojojin Ingila da Faransa a Yunin 1915, Mora kuma ta miƙa wuya a Fabrairun 1916. Chari Maigumeri, mutumin Barno, ya fara soja ne a ƙarƙashin Jamusawa, daga baya ya shiga rundunar Nijeriya har ya zama samanja. Sai dai gidan adana takardun soja na Potsdam ya ƙone sakamakon ruwan bama-bamai a Afrilun 1945, abin da ya ƙara wa duk wata takarda da ta tsira a hannun iyali muhimmanci.

Zariya na tsakiyar wannan tarihi. Tun 1924 ake horas da kurata a Dafo. Sunan barikin Chindit yana tuna da 'yan Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin sunƙuru a Bama a 1944. Makarantar 'Yan Sandan Soja ta Nijeriya ma tana Basawa, kusa da Samaru.

3.0 Abin da Manazarcin Hausa Zai Tsinta

Takardar sallama takan nuna lambar soja, ranar ɗauka, ranar sallama da shaidar hali. Abubuwa uku ne suka shafi fagenmu. Na farko shi ne suna: sau da yawa magatakarda yakan liƙa wa kurtu sunan garinsa a gurbin na mahaifi, don haka ba kowane mai laƙabin Zariya ne Bazazzagi ba. Na biyu shi ne aron kalmomi, irin su kofur, saje, hafsa da fareti, waɗanda suka shigo ta bariki a zamanin da Hausa ke zaman harshen sadarwa na runduna. Na uku shi ne gwada takarda da labaran baka da kuma rahotannin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939.

4.0 Hanyar Tarawa

Kasuwar Turai ta koyar da darasi guda: takardar da ta bar gidansu ba tare da bayani ba, ta zama marainiya, domin babu mai iya rantsewa a kan sahihancinta. Saboda haka ana ba da shawarar a guji saye. A nemi izinin magada, a ɗauki hoton kowane shafi har da bango, a rubuta sunan unguwa da dangantakar mai riƙe da ita, sannan a naɗi bayaninsa da Hausa. Asali ya zauna a gida, nesa da laima da gara. Kwafi kuma a ajiye a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim ko Gidan Arewa da ke Kaduna.

5.0 Kammalawa

Waɗanda suka je Bama sun kusa ƙarewa, 'ya'yansu ma sun manyanta. Idan aka raba gado, adaka takan tafi wani gida, labari ya tafi kushewa. Ya kamata sassan Hausa da Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello su haɗa hannu su fara wannan aiki daga Sabon Gari, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.