Amsoshin Tambayoyinku: Me Littafin Hotuna Zai Amfana Wa Yaron Da Bai Iya Karatu Ba?

Wata baiwar Allah daga Kagarko ta aiko da tambaya. Ta sayo wa ɗanta mai shekara uku littafi mai hotuna da yawa, rubutu kaɗan, sai maigidanta ya ce ɓarnar kuɗi ce tunda yaron ko baƙi bai sani ba. Shin ta yi gaggawa ne?

Malama, na ji daɗin tambayar nan. Ba ki yi gaggawa ba. Shi ma maigida yana da uzuri, don mun saba ɗaukar karatu a matsayin haɗa baƙi kawai. Amma yaro yakan fara da karanta hoto. Idan ya nuna zanen akuya ya ce "mee", ya gane cewa abin da ke kan takarda yana wakiltar abin da ke tsakar gida. Wannan ganewar ita ce tushen karatu, domin harafi ma alama ce da ke wakiltar sauti.

Dabarar ta daɗe. A 1658 wani malamin Turai, Comenius, ya wallafa Orbis Pictus, inda ya haɗa zane da sunayen abubuwa don koyar da yara. A nan gida kuwa, yawancinmu mun fara ƙaunar Magana Jari Ce na Abubakar Imam ne ta hanyar leƙa zane-zanensa kafin mu iya karanta labaran.

Ga wani alfanu da ya dace da Kagarko, inda ake jin Hausa da Koro da Gbagyi da Fulatanci: hoto ba ya da yare. Ko da Turanci aka rubuta littafin, ki ba yaron labarin da harshen da kuke yi a gida, kamar yadda kakanni ke tatsuniya.

Ki ɗora shi a cinya bayan cin abincin dare, ki bar shi ya buɗe shafi da kansa. Ki riƙa tambaya: "Wane ne wannan? Ina zai je?" In ya ce a maimaita littafi ɗaya kullum, kada ki gaji, da maimaici kalma take zama a kai. In littattafai sun yi tsada, shafin African Storybook na intanet yana da labaran Hausa masu hotuna kyauta.

Wata rana ki miƙa wa maigida littafin, yaron ya ba shi labari da bakinsa. Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka.