Ɗaga Ƙarfe Don Ƙarfin Damtse, Ba Tare Da Ka Ji Wa Kanka Ciwo Ba

Darasinmu na yau a kan damtse ne, wato tsokar da ke gaban hannu tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Ita ke lanƙwasa hannu idan ka ɗaga bokitin ruwa ko ka ɗauki yaro. Da shekaru suka fara ja tsoka tana raguwa, amma wanda ke motsa ta yana rage wannan asarar.

Abin da ake buƙata sandar ƙarfe ce mai nauyi a gefe biyu. Babbar sandar gidan motsa jiki ita kaɗai kilo 20 ce, ta yi wa ɗan koyo yawa. Idan irin ta gida ce, bututu da gwangwani biyu na siminti, ka tabbata nauyin ya zo daidai, kar ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗaya.

Ka tsaya ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa. Ka riƙe sandar tafin hannu na kallon gaba, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari. Sai ka lanƙwasa hannu, sandar ta hau zuwa kusa da ƙirji, kana fitar da numfashi. Ka ɗan dakata, sannan ka sauke a hankali, kamar daƙiƙa 3, kana shaƙa. A saukewar nan mutane ke yin ha'inci, su saki ƙarfen ya faɗo da kansa, alhali nan ma tsokar aiki take.

Kuskuren da ya fi yawa, musamman wajen samari, shi ne lilo da jiki: a turo ƙugu gaba, a gantsare baya, don dai a ce an ɗaga mai nauyi. To malam, bayanka ne ya ɗaga, damtse bai yi komai ba, ga ciwon baya ka saya. In har sai ka yi lilo, nauyin ya fi ƙarfinka, rage shi. Ɗagawa 8 zuwa 12, ka huta minti 1 ko 2, ka maimaita sau 3. Kwana 2 a mako sun wadatar, amma ba a jere ba. Uwargida ma za ta iya, da ƙaramin nauyi.

Kar ka riƙe numfashi wajen ɗagawa, yana sa jini ya hau nan take. Mai hawan jini, ciwon zuciya ko ƙaba, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, ya fara ganin likita. Mai azumi gara ya bari sai bayan buɗa baki.

Tsamin jiki na kwana biyu ba komai ba ne. Amma idan ka ji wani abu ya ce ɗas a gwiwar hannu, wurin ya kumbura, tsokar ta dunƙule ta yi sama, mai yiwuwa jijiyar ce ta tsinke. Wannan ba na man zafi ko mai ɗori ba ne. Ka tafi asibiti cikin kwanakin nan, domin ɗinkin ya fi sauƙi a makonnin farko.