Maganin Damuwa Ta Wayar Hannu

Jama'ar Gulma da kewaye, wanda duk ya ga damunar 2020 ya san yadda Gulbin Rima ya cika ya batse, ya haɗiye shinkafar fadama tun daga Argungu har Birnin Kebbi. Ruwa ya janye, ya bar manomi da bashin taki da na iri. Sai ka tarar magidanci yana kwana ido biyu yana lissafi, tuwo ya fita ransa, yaro ya yi ɗan kuskure ya rufe shi da faɗa. Wannan ita ce damuwa. In ta daɗe takan taɓa jiki, ta kawo ciwon kai da faɗuwar gaba, ta ƙara wa mai hawan jini wahala. Kada a ce wa mai ita imaninsa ne ya yi rauni. Ciwo ne, ana kuwa neman magani tare da addu'a.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sun haura miliyan 200. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke kusa da mu yana can Kware, gaba da Sakkwato. Irin wannan ƙaranci, wanda ba mu kaɗai ke fama da shi ba, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya darussa ta intanet. Akwai wanda ta kira Step-by-Step, aka gwada shi a Labanon kan 'yan gudun hijirar Siriya. Darasi biyar ne cikin labari mai zane, kowane mako kuma wani da aka horar ya kira mutum a waya na kamar minti 15, ya ji yadda yake ciki. An ga damuwarsu ta ragu. A ganina wannan kiran shi ne gishirin abin, don mutum ba ya jimirin darasi in ba mai tambayarsa.

A 2020 kuma hukumar ta fitar da littafi mai hotuna da sauti, kyauta. Ga ɗaya daga abin da yake koyarwa. In tunani ya taso maka, ka zauna, ka danna tafin ƙafarka a ƙasa, ka fitar da numfashi sannu sannu har ya ƙare, ka sake shaƙa. Sa'an nan ka lura da abu biyar da idonka ke gani, da sautin da kunnenka ke ji, ko kukan akuya ne ko ƙarar injin ban ruwa. Wannan ba zai biya maka bashi ba, amma zai sa hankali ya dawo jiki har ka iya zuwa wurin mai bashin a yi magana. Wanda bai yi boko ba, ɗansa ko ƙanensa ya karanta masa. Mata ma su samu rabonsu, don su ne masu haɗiye damuwa su yi shiru.

A kula da 'yan damfara. Duk manhajar da ta nemi lambar BVN ko lambar sirrin katin banki, ko ta ce a turo kuɗi a warke cikin kwana uku, a rabu da ita. Haka mai cewa tiramadol na yaye damuwa, ƙara ta yake yi.

Wanda ya daina ci, ya daina fita, yana jin muryoyi ko yana zancen kashe kansa, ya wuce aikin waya. Kada a ɗaure shi, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta kare mutuncinsa. A kai shi Babban Asibitin Argungu ko Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ɗan'uwa ya raka shi, a tafi da duk magungunan da yake sha a nuna wa likita.