Mura Ta Kama Ki? Kada Ki Raba Jariri da Nono

Da zarar hunturu ya kama, ƙura ta tashi, sai gida ya cika da tari da atishawa. A irin wannan lokaci ne ake ce wa mai shayarwa, "Ki ɗan janye shi har ki warke, kar ki shafa masa." Ƙauna ce ke sa a faɗi haka, amma 'yar'uwa, kada ki janye shi.

Idan ƙwayar cutar mura ta shiga hancinki da maƙogwaro, jikinki yakan haɗa garkuwar da ta dace da ita, kamar ɗan makulli da kwaɗonsa. Wasu ƙwayoyin garkuwar sukan bi jini su sauka a mama, su riƙa zuba wani sinadari da likitoci ke kira IgA a cikin nono. In jariri ya tsotsa, sinadarin sai ya lulluɓe masa baki da maƙogwaro da hanji, ya kama ƙwayar cutar kafin ta samu wurin maƙalewa. Madarar gwangwani ba ta da wannan. Ta numfashi da hannu mura ke yaɗuwa, ba ta nono ba. Shi ya sa a 2020, da korona ta ɓarke, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce uwar da ta kamu ta ci gaba da shayarwa.

Saboda haka, ki wanke hannu da sabulu kafin ki ɗauke shi, musamman bayan kin fyace majina. Ki sa takunkumi yayin da yake tsotso, ki kawar da kai in tari ya zo, ki dakata da sumbatar fuskarsa. Ki yawaita shan ruwa da kunu mai ɗumi. In jiki ya yi nauyi, ki tatsa a kofi mai tsabta, wata ta ba shi da cokali.

Farasitamol ba ya hana shayarwa, amma ki guji maganin tari mai kodin. Wasu magungunan buɗe hanci kuma suna rage nono, don haka ki sanar da mai kemis cewa kina goyo.

Nono kariya ne, ba ya maye gurbin asibiti. Idan jariri ya ƙi kama nono, yana numfashi da sauri, ƙasan ƙirjinsa yana loɓawa ciki, ko jikinsa ya yi zafi alhali bai kai wata 3 ba, kada a bari a kwana. In kuwa yana tsotso yana barcinsa, ki gyara zama ki rungume abinki. Jikin da murar ta wahalar, shi ne ke haɗa masa garkuwa.