Darasin Lafiyar Yara: Taimakon Yaro Mai Otizim da Yaren Gidansu

A wannan fitowar za mu duba yadda ake taimaka wa ƙananan yara masu lalurar otizim a cikin iyalan da ke jin Sifaniyanci a Amurka. Yawansu ya haura miliyan 40, asalin mafi yawansu Meziko ne, da Fotoriko da Salbado da Kuba. Da yawa cikinsu baƙi ne kamar mu, yaren gida daban, yaren asibiti daban.

Mene ne otizim?

Lalura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma, ta taɓa maganarsa da cuɗanyarsa da mutane. Wasu na kiran ta galahanga, ko da yake ana sa wa wasu lalurorin ma wannan suna. Ba ta yaɗuwa, allurar rigakafi ba ta kawo ta, kuma ba sakacin uwa ba ne. An fi samun ta a maza. Alamominta sukan bayyana kafin shekara 3: a kira sunan yaro bai waiwayo ba, ba ya haɗa ido, ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa don a gani, ko yana maimaita motsi ɗaya, ko ƙara kaɗan ta firgita shi.

Me ya jawo jinkiri?

A Amurka an shawarci likitocin yara su bincika alamomin otizim a wata 18 da wata 24, kuma doka ta tanadi taimako ga yaro mai jinkirin girma tun daga haihuwa zuwa shekara 3. Duk da haka an daɗe ana gano 'ya'yan waɗannan iyalai a makare. Tambayoyin binciken da Turanci aka fara rubuta su, tafintoci sun yi ƙaranci, wasu iyayen kuma suna tsoron zuwa ofishin hukuma saboda batun takardun zama. A gida ma akan ce namiji ai ba ya saurin magana, ko a ce sangarta ce, ko kambun baka. Ga kuma girmama likita: uwa ta gyaɗa kai alhali ba ta fahimta ba, kunya ta hana ta tambaya.

Akwai wata shawara da ta yi ɓarna. An sha gaya wa iyaye su daina yi wa yaro Sifaniyanci, wai yare biyu zai rikita shi. Bincike bai tabbatar da haka ba. Yaro mai otizim da ke jin yare biyu ba ya zama a bayan mai jin yare ɗaya. Illar da aka gani ita ce uwar da ba ta iya Turanci sosai ba sai ta rage magana da ɗanta, kaka kuma ta rasa yadda za ta yi hira da jikanta.

Abin da ya yi amfani

Farfesa Sandra Magaña da abokan aikinta sun tsara wani shiri da ake horar da matan da su ma suke da yara masu otizim. Sukan bi gida-gida, zama 14, suna koyar da iyaye da Sifaniyanci yadda za su ja yaro ga magana ta hanyar wasa, da yadda za su nemi haƙƙinsa a makaranta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne: abin da uwa ta kasa tambayar likita, takan tambayi 'yar'uwarta. Iyayen da suka shiga shirin sun ƙara samun ƙarfin gwiwar aiki da dabarun. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da horo ga masu kula da yara 'yan shekara 2 zuwa 9, zaman rukuni 9 da ziyarar gida 3, wanda ake daidaitawa da al'adar kowace ƙasa.

Abin da za mu ɗauka

1. Mu ci gaba da yi wa yaro yaren da muka fi iyawa, Hausa ne ko Kanuri ko Fulatanci, ko da Faransanci ake yi a makaranta.

2. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan mun ga alama, mu kai yaro asibitin sansani, kada mu jira ya isa makaranta. Mu nemi a auna jinsa, don kurumta kan yi kama da otizim.

3. Mu faɗa wa ma'aikacin lafiya abin da yaron ya gani a hanyar gudun hijira. Firgici ma yakan sa yaro ya yi shiru, kuma taimakonsa daban ne.

4. Mu nemi tafinta, mu sa a maimaita mana har mu gane. Mu tafi da uba ko kaka, tunda su ma suna cikin reno.

5. A gida, mu durƙusa daidai fuskar yaro, mu bi wasan da yake so, mu faɗi sunan abin da ke hannunsa, sannan mu ɗan dakata mu ba shi damar amsawa. Lokacin wanka da cin abinci duk lokacin koyo ne.

Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Amma kada a ɗaure yaro, ko a dake shi, ko a ɓoye shi a ɗaki. Duk mai tambaya ya tuntuɓi ma'aikatan lafiya na unguwarsa.