Idan Shanyewar Ɓarin Jiki Ta Ɗauke Magana

Ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara ake gangamin wayar da kai kan shanyewar ɓarin jiki, cutar da hawan jini ke kan gaba wajen haddasa ta. Akwai wata illarta da ake yi wa mummunar fahimta tun daga Birnin Kebbi har Argungu, wato ɗaukewar magana. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda cutar ta kama kan gamu da ita. Dattijo zai ga buta, ya san ta alwala ce, amma sunan ya ƙi zuwa bakinsa. Nan take sai a ce iska ce, ko sammu, ko hankali ya gushe.

Hankalinsa na nan daram. Tun 1861 likita Paul Broca na Faransa ya gano wurin da ke sarrafa furuci, wanda ke ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa a yawancin mutane. Hagun ƙwaƙwalwa kuwa shi ke juya ɓarin dama na jiki, shi ya sa hannun dama da magana kan tafi tare.

Misalin mai wannan larura kamar masunci ne a kogin Matan Fada, ga gorarsa, ga giwan ruwa na gilmawa a gabansa, amma homarsa ta yage. Kifi bai ƙare a kogi ba, ɗinki ake bukata, zare bayan zare. Haka jijiyoyin da ke kewaye da inda jini ya yanke ke ƙulla sabbin hanyoyi, wani lokaci ɓangaren dama ma ya kawo ɗauki. Saƙar ta fi sauri a watannin farko, kuma maimaici ke ƙarfafa ta.

To, ina dalilin kai tsoho ɗakin baya, a riƙa tura masa kwano babu mai ce masa uffan? Wannan sakaci ne, kuma addini bai yarda a wofintar da mahaifi haka ba. A zauna da shi kullum. A nuna masa abu, a ɗora shi kan sautin farko, a jira, kada a ƙwace masa kalmar. Da yawa kan iya kawo Fatiha ko ƙirge ko da hira ta gagara. Daga nan za a fara.

Sauran kuwa sananne ne: a rage gishiri, a riƙa auna jini, kada a yanke magani. Da zarar baki ya karkace ko magana ta sarƙe, a garzaya Asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi ko Babban Asibitin Argungu, kada a bari sai gari ya waye.