Macijin da Ake Ƙirga Wani a Madadinsa

A watan Maris na 2025, ma'aikata biyu, Connor Blades na ma'aikatar muhalli ta Barbados da Justin Springer na ƙungiyar Re:wild, suna ta ɗaga duwatsu a wani ɗan kurmi da ya rage a tsakiyar tsibirin. Suka ci karo da wani dutse da saiwar bishiya ta nannaɗe. Da suka ɓamɓare shi sai ga tana, kusa da ita kuma wani abu siriri kamar zaren taliya. Ba su yi shela ba. Suka kai shi Jami'ar West Indies, aka sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, aka ga layukan nan masu launin lemo da suka bi bayansa daga kai zuwa wutsiya, aka duba ɓawon hancinsa, sannan aka mayar da shi inda aka ɗauko shi. Shi ne Tetracheilostoma carlae, macijin da ya fi kowane ƙanƙanta a duniya. Babbansa bai wuce santimita 10 da ɗan abu ba, kuma an yi kusan shekara 20 ba a tabbatar da ganinsa ba. Duniya ta yi murna. Mu da wannan ne aikinmu, abin ya fi kama da takaici, domin ƙwararru sun daɗe suna juya duwatsu kafin su samu guda ɗaya tak.

Na san abin da za a ce, an kuma faɗe shi tun 2008 lokacin da Blair Hedges ya bayyana shi ga masana ya raɗa masa sunan matarsa Carla. Wasu 'yan tsibirin sun fusata, suka ce sun san shi tun suna yara, baƙo bai gano musu komai ba. Suna da gaskiya ta wani gefen: macijin na nan kafin zuwan kowa, akwai ma samfurinsa tun na 1889 a ajiye, an laƙaba masa sunan wani ɗan'uwansa na tsibirin Martinik. Amma daga nan a ce yana da yawa tunda ana ganinsa a bayan gida, wannan kuskure ne mai tsada. Akwai wani makahon maciji ɗan asalin Asiya, Indotyphlops braminus, wanda ya bazu a ƙasashe masu zafi ta cikin ƙasar tukwanen furanni. Da ido tsirara kusan ba a raba su. Shi baƙon duk mata ne, ba ya buƙatar namiji, mace ɗaya a cikin tukunya ta isa ta kafa zuriya a sabon gari. Ɗan gida kuwa sai an haɗu, kuma ƙwai ɗaya tal macen take yi, dogo siriri, ɗan ya fito da rabin tsawon uwarsa. Wanda ya ga baƙon a lambunsa ya ce an gama da batun, ya ƙirga wani ne a madadin wanda ke ƙarewa.

Ga masu ɗaukar hoto da waya daga nesa su yanke hukunci a Facebook: ku bari. Ba a gane waɗannan macizai da hoto mai dishi-dishi. Ba a gane su. Wanda ya ce maka ya gane a kallo ɗaya, bai san aikin ba.

Wasu kuma cewa suke yi halittar da ke rayuwa a ƙarƙashin ƙasa dole ta yi wuyar gani, don haka rashin ganinta ba hujja ba ce. Wannan magana ce mai nauyi, na yarda. Sai dai a dubi inda yake zama. Abincinsa gara da 'ya'yan tururuwa, matsuguninsa ƙasa mai laima da ruɓaɓɓen ganye a inuwar kurmi. Turawan Ingila sun sauka Barbados a 1627, rake ya shigo a shekarun 1640, aka sa bayin da aka kwaso daga Afirka sare dazuzzuka, har aka wayi gari kashi 98 cikin ɗari na asalin kurmin ya tafi. Ragowar 'yan tsirarun wurare ne irin su Turner's Hall, da kwazazzabai da garma ba ta iya shiga. Ko da yana ɓuya, ina zai ɓuya? Tunkun da aka shigo da shi don ɓerayen gonar rake ma ya yi tasa ɓarnar a kan dabbobi masu jan ciki na tsibirin.

Abin da ke ƙona rai shi ne masu fili da ke kiran mai bincike bayan katafila ta riga ta kankare ƙasa, suna neman takardar cewa babu abin da aka taɓa. Me za a duba a jar ƙasa? A kira mu kafin sara. Kada a share ganyen kwazazzabo da sunan tsafta. Masu sayar da shuke-shuke su daina yawo da tukwane da ƙasarsu daga wannan wuri zuwa wancan ba dubawa. In ka ɗaga dutse, mayar da shi yadda ka same shi. Kuma kada a take shi: ba shi da dafi, bakinsa ma bai kai ya kama fatar mutum ba.